GANI YA KORI JI: TSAKANIN KUNNE DA MA'AUNI, WA ZA A GASKATA?

Hausawa sun ce gani ya kori ji, wato abin da mutum ya gani da idonsa ya fi abin da aka ba shi labari. To amma akwai wani fage inda wannan karin magana take juyewa ta zama zargi, shi ne fagen masu sha'awar sauraren kiɗa da na'urori masu tsada, inda ganin na'ura da ganin farashinta kan kori abin da kunne ya ji a zahiri. A kan wannan nake so mu ɗan tattauna da mai karatu a wannan fitowa. Na san ba kowa ne zai ruga ya sayi irin waɗannan kaya ba, sai dai gardamar da ta raba masu wannan sha'awa gida biyu fiye da shekara 40 gardama ce da ta shafi kowa. Idan abin da na ji a raina ya saɓa wa abin da ma'auni ya nuna, wanne zan gaskata? Sa'annan kuma me ya halatta in faɗa wa wani wanda zai ciro kuɗinsa bisa maganata?

Bari mu fara da kayan kansu. Waya ko kwamfuta tana fitar da sauti ne a matsayin 'yar ƙaramar wutar lantarki mai hawa da sauka. Ƙananan hedifon ɗin nan da samari ke cusawa a kunne ba su da ci, abin da waya ta ba su ya ishe su. Amma akwai manya masu rufe kunne gaba ɗaya waɗanda ke da turjiya mai yawa ga wutar da ke shigarsu. Alal misali HD 600 na kamfanin Sennheiser na ƙasar Jamus, wanda ya fito a 1997, turjiyarsa om 300 ce, alhali yawancin na waya ba su wuce om 16 zuwa 32 ba. Irin wannan sai an sa masa amfilifaya a tsakani, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Aikinta ɗaya ne tak, irin na sanƙira a fada: sarki ya yi magana a hankali, shi kuma ya ɗaga murya ya isar wa jama'a. Amanar sanƙira ita ce kada ya rage, kada kuma ya sa nasa.

To ga inda abin mamaki yake. Na'urar da ke wannan aiki guda ɗaya ana samunta tun daga ɗan guntun wayar da kamfanin Apple ya fara sayarwa dala 9 a 2016, lokacin da ya cire kafar hedifon daga wayoyinsa, har zuwa Orpheus na Sennheiser, hedifon da amfilifayarsa, wanda aka ƙera guda 300 kacal a 1991, aka kuma fito da magajinsa a 2015 a kan kuɗi kimanin Yuro 50,000. Dole mai hankali ya tambaya, shin me ake saye da wannan bambanci?

Gida na farko, mu kira su 'yan ma'auni, sun ce amsar tana kan teburin gwaji. A auna yadda na'ura ke jirkita sautin da aka ba ta, a auna shuuu ɗin da take ƙarawa idan an yi tsit, a duba ko tana ba kowane amo haƙƙinsa tun daga mai kauri da ke kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa siriri mai kaɗawa sau 20,000, wanda shi ne iyakar jin ɗan'adam, a kuma auna ƙarfinta. Idan aibin biyu duk ya yi ƙasa da abin da kunne ke iya kamawa, to sautinsu ɗaya ne, ko da ɗaya ta kwabo ce ɗaya ta zinariya. Gida na biyu, 'yan kunne, sun ce wannan maganar wanda bai taɓa zama ya saurara ba ce. Su dai sun ji da kunnensu, wannan tana da ɗumi, waccan tana da kaushi, wata kuma tana buɗe fili har ka ji inda kowane makaɗi yake tsaye. Ai ba don allurar ma'auni aka yi kiɗa ba, in ji su, don kunne aka yi.

A watan Janairun 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji da ya tayar da ƙura. Wani injiniya mai suna David Clark ya tara masu saurare 25, a cikinsu akwai waɗanda suka yi imani da bambanci da kuma masu shakka. Aka jera musu amfilifayoyi na lasifika, tun daga wata Pioneer ta dala 220 har zuwa Futterman mai aiki da bawul, wato ƙwayayen gilas ɗin nan irin na tsohuwar rediyo, wadda kuɗinta ya kai dala 12,000. Da farko an bar su su saurara suna kallo, kuma da yawansu suka bayyana bambance-bambancen da suka ji dalla-dalla. Daga nan aka daidaita ƙarfin murya, aka ɓoye wadda ke aiki, aka ce kowa ya faɗi wacce yake ji. Da aka haɗa amsoshi, sai aka tarar dacewarsu ba ta wuce ta mutumin da ke jefa kwabo sama yana canka ba.

Shin ƙarya suka yi da farko? A nawa ganin a'a, kuma nan ne zancen yake da daɗi. Mutumin da ya ce ya ji ɗumi, ya ji shi. Abin da bai sani ba shi ne daga ina ɗumin ya fito. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin amo mai kauri da mai tsananin siranta sosai idan murya tana ƙasa, sai an ɗaga ta suke fitowa. Saboda haka idan na'ura ɗaya ta ɗara ɗaya ƙara da ɗan ƙanƙanen abu, mai saurare ba zai ce ta fi ƙara ba, cewa zai yi ta fi cika, ta fi rai. Masu sayar da kaya sun daɗe da sanin wannan. Shi ya sa masu gwaji na gaskiya ke daidaita ƙarfin na'urorin biyu har bambancinsu ya kasa wuce kashi ɗaya cikin goma na desibel.

Sai kuma ido. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald a Ingila suka gano cewa idan aka kunna wa mutum muryar da ke cewa "ba", aka kuma nuna masa hoton leɓɓan da ke cewa "ga", mafi yawan mutane "da" suke ji. Ko an gaya maka sirrin, muddin kana kallo, haka za ka ci gaba da ji. Ka rufe ido, "ba" ta dawo. Wato ji ba a kunne yake ƙarewa ba, ƙwaƙwalwa ce ke dafa shi da duk abin da ta samu a kusa. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive suka gwada wannan da lasifikoki a kamfanin Harman. Ma'aikatan kamfanin suka ba da maki a bayan labule, sa'annan suka sake ba da maki suna kallo. Da aka yaye labule, manyan lasifikoki masu sheƙi da tsada suka haura, ƙarami mai araha ya faɗo. Ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba. Araha ba ta ado, in ji mutanenmu, ashe har kunne ya haddace wannan karin magana.

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin takardun jarrabawa ya san ɗan'uwan wannan al'amari. Kyakkyawan rubutun hannu da sunan yaron da aka sani da ƙoƙari sukan jawo jan biro zuwa sama tun kafin a karanta amsar, ba kuwa don malamin maci amana ne ba. Shi ya sa mai son adalci yake ninke kan takarda ya rufe suna.

Da a nan zancen ya tsaya, da sai mu ce 'yan ma'auni sun ci gari. To amma tarihi bai ba su wannan damar ba. Lokacin da tiransista ta fara korar bawul a shekarun 1960, sababbin amfilifayoyin sun fi tsofaffin kyawun lamba a takarda nesa ba kusa ba, amma masu saurare da yawa suka ce sautinsu yana da kaushi, yana gajiyar da kunne. Aka yi musu dariya, aka ce tsohon alkawari ne ke damunsu. Daga baya ta bayyana cewa suna da gaskiya. Yawancin na'urorin farko suna da wani tuntuɓe a daidai tsakiya, inda wutar ke tsallakawa daga ɓangaren sama zuwa na ƙasa, kuma wannan aibi ya fi muni idan murya tana ƙasa, alhali kamfanoni suna auna kayansu ne a ƙarshen ƙarfi, inda aibin ke ɓuya. A 1970 wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Matti Otala, ya bayyana wani nau'in jirkita da ke faruwa idan sauti ya zo da sauri kwatsam, irin bugun ganga, wanda gwajin da aka saba yi da amo guda mai tafiya a miƙe ba ya nuna shi. A wannan karon kunne ne ya riga ma'auni, ma'auni ya biyo sawu.

Bugu da ƙari, lambar da aka fi bugawa a jikin kwali, wato jimillar jirkita, lamba ce da ke tara tumaki da kuraye a garke ɗaya ta ƙirga kawuna. Idan na'ura ta ƙara wa amo wani ɗan amo mai ninki biyu na asalinsa, kunne kan karɓe shi hannu biyu, domin ya yi daidai da muryar da ta hau hawa guda cif, kuma asalin amon kan rufe shi. Irin wannan ne bawul ya fi yi. Amma ninki bakwai ko tara, ko kaɗan ne, yana soke kunne. Earl Geddes da Lidia Lee sun nuna a 2003 cewa dangantakar wannan lamba da abin da mutane ke ji a matsayin muni ba ta taka kara ta karya ba. Ashe ke nan lamba tana iya zama gaskiya amma ta amsa tambayar da ba wanda ya yi.

A fagen hedifon kuwa akwai wani bambanci na haƙiƙa wanda kwali ba ya yawan ambata, wato turjiyar bakin fitar amfilifayar ita kanta. Turjiyar hedifon ba a tsaye take ba. HD 600 ɗin da na ambata om 300 ne a tsakiyar sauti, amma wajen amo mai kauri, kusa da kaɗawa 100 a daƙiƙa, takan haura 500. Idan bakin amfilifaya yana da turjiya kusan sifili, ba abin da zai canza. Idan kuwa yana da om 120, kamar yadda wasu ke da shi, to wutar rarrabuwa take yi tsakanin su biyun, kuma rabon hedifon ya fi yawa a inda turjiyarsa ta hau. Lissafin ɗan aji uku na sakandare ne: 300 bisa 420 a nan, 500 bisa 620 a can, sakamakon shi ne ƙarin kauri na kimanin desibel ɗaya. Ga ɗumin nan da ake ta waƙa, kuma wanda ya ji shi bai yi mafarki ba. Sai dai ɗumi ne da ake iya aunawa, ake kuma iya samar da shi da ɗan abin turjiya na kuɗi ƙalilan.

Wanda ya fi kowa fito da wannan fili shi ne Bob Carver, wani maƙerin amfilifaya na Amurka. A 1985 ya ƙalubalanci editocin mujallar Stereophile, wadda ita ce babbar majalisar 'yan kunne, cewa su zaɓi duk amfilifayar da suka fi so komai tsadarta, shi kuwa zai sa tasa mai araha ta yi sauti irin nata sak. Suka zaɓo wata mai bawul wadda ta ninka tasa kuɗi sau da yawa. Dabararsa mai sauƙi ce. Ya ba na'urorin biyu kiɗa ɗaya, ya haɗa su yadda abin da ɗaya ta fitar zai soke na ɗayar, abin da ya saura shi ne bambancinsu. Ya yi ta gyara tasa har saurar ta kusa ɓacewa. Bayan 'yan kwanaki editocin suka saurara, suka kasa rarrabewa, kuma suka buga haka a mujallarsu, abin da ya cancanci yabo. Kowane gida ya ɗauki wannan labari a matsayin nasararsa. 'Yan kunne suka ce ai ga shi nan, da can akwai bambanci, in ba haka ba me ya gyara? 'Yan ma'auni suka ce ai ga shi nan, bambancin ba aljani ba ne, an kama shi da waya an kwafe. Duka biyun sun faɗi gaskiya. Abin lura kuma shi ne, don ya kamo ta mai tsadar, sai da Carver ya sa wa tasa aibin da ba ta da shi a da.

Ina ganin tushen rikicin shi ne maganganu uku ne ake cusawa a baki ɗaya. Akwai "na ji bambanci", akwai "na fi son wannan", akwai kuma "bambancin yana cikin na'urar, ta fi waccan isar da gaskiyar kiɗan". Ta farko labarin abin da ya faru a cikin kan mutum ne, ba mai iya ƙaryata shi. Ta biyu ra'ayi ne, abincin wani gubar wani, kuma wanda ya ce a ba shi sanƙira mai ɗan ƙara gishiri a zance domin ya fi daɗin ji, ba wanda ya isa ya hana shi. Ta ukun ce kaɗai magana a kan duniya, ita ce kuma kaɗai ke buƙatar shaida. Laifin da ake yi kullum shi ne a riƙe ta farko a hannu a matsayin hujja, a sayar da ta uku.

Dubi mai babbar riga aska takwas. Ya biya kuɗi mai yawa, ya kuma san abin da ya saya: aikin hannu, da kyau, da girma a idon jama'a. Bai taɓa cewa rigarsa ta fi ta talaka rufe jiki ba. Mai agogon Siwizalan na dubban daloli ya san ƙaramin Casio na batir ya fi nasa riƙe lokaci, kuma bai damu ba. Wanda ya sayi amfilifaya don ƙwayayen bawul ɗinta na haske ja-ja da dare, don nauyinta a hannu, don daɗin murɗa maɓallinta, cinikinsa halal ne, daɗin da yake ji kuma daɗi ne na gaske. Matsala tana farawa ne ranar da ya zauna ya rubuta wa dubban mutane cewa wannan na'ura ta yaye wani labule da ke tsakaninsa da mawaƙi, alhali bai taɓa yarda a rufe masa ido ya gwada ba, kuma mujallar da yake rubuta wa tana cin abinci ne daga tallan masu ƙera kayan. Yaron da ya tara kuɗin wata shida ya saya bisa wannan magana, an auna masa da mudun da ba a taɓa gwada shi da na kasuwa ba. Ko da mai awon bai yi niyyar tauyewa ba, ƙin yarda a duba mudun nasa shi kansa abin tambaya ne.

Sukan ce gwajin rufe ido yana ɗaure wa mutum kai, yana sa shi fargaba irin ta ɗakin jarrabawa, kuma bambanci na gaske sai an zauna da na'ura mako da makonni yake fitowa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba abin da ya hana a yi gwajin na makonni, a gidan mutum, da kiɗan da ya fi so, muddin dai bai san wacce aka jona ba. Kuma a irin wannan gwaji ne dai masu horarren kunne ke kama ƙananan bambance-bambance na haƙiƙa ba tare da kuskure ba. Aikin da Toole ya yi shekara da shekaru a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada da ke Ottawa ya nuna cewa idan an sa labule, mutane daban-daban sukan haɗu a kan lasifikar da suka fi so, kuma ana iya hango zaɓinsu daga ma'aunin da ya dace. Abin dariya ma shi ne, wanda ke cewa a gaskata kunne, shi ne ke ƙin gwaji ɗaya tilo da ke barin kunne ya yi aiki shi kaɗai.

Su ma 'yan ma'auni na yau suna da tasu cutar. A 2011 wani injiniya da ya ɓoye sunansa, aka san shi da laƙabin NwAvGuy, ya zana wata 'yar amfilifayar hedifon mai suna Objective2 wadda ke iya aiki da batir biyu masu bolt 9, ya saki zanen kyauta ga duk mai son haɗawa, don ya nuna cewa tsabtar sauti ba sai da tsada ba. A 2012 ya yi shiru, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya yi aikin alheri, kuma bayansa kamfanoni, musamman na ƙasar Sin irin su Topping, suka shiga tseren lamba har aka kai inda jirkita da shuuu gaba ɗaya ba su wuce kashi ɗaya cikin miliyan na sautin ba. To amma faifan CD kansa tazarar da ke tsakanin ƙararsa da shirunsa desibel 96 ce, waɗannan kuwa suna maganar 120. Yau sai ka ga mutum ya sayar da mai 115 ya sayi mai 120, yana kuma yi wa mai bawul dariya cewa ya sayi abin da ba a ji. Shi fa me ya saya? Wancan ido ya kai shi ga gilas mai haske, wannan ido ya kai shi ga jadawali. Ɗalibin da ya haddace amsoshi ya ci 98 da wanda ya ci 95, ba wanda zai ce wannan tazara ta gaya mana wanda ya fi fahimtar darasi.

Saura tambaya ɗaya wadda na fi jin nauyinta. Abokinka ya kashe kuɗi mai yawa, yana murna, ya kira ka ka zo ka ji. Kai kuwa ka san abin da ka sani. Za ka faɗa masa? Ni dai idan bai tambaye ni ba, zan saurari kiɗan in yaba abin da ya cancanci yabo, domin kuɗin ya riga ya fita, kuma ɓata wa mutum daɗin da ba ya cutar da kowa ba gwaninta ba ce. Amma idan ya juya ga ƙaninsa mai ƙaramin albashi ya ce lalle sai ya sayi irinta, to shiru ya ƙare, sai in ce mu gwada.

Gwajin kuwa ba ya buƙatar ɗakin bincike. A samo mitar da masu gyaran rediyo ke auna wuta da ita, a kunna amo guda mai kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, a murɗa na'urorin biyu har mitar ta nuna lamba ɗaya a bakin kowacce, da hedifon ɗin a jone. A lulluɓe su da zane. Mai saurare ya fita, wani ya jefa kwabo ya jona wadda kwabon ya nuna, ya rubuta a takarda, shi ma ya fita kafin mai sauraren ya shigo, domin fuska ma tana ba da labari. A maimaita sau 16. Wanda ya dace sau 12 ko fiye, damar a ce sa'a ce kawai ta kai shi ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba, sai a yarda ya ji wani abu, a kuma koma ga mita a nemo ko mene ne. Wanda ya dace sau 8 ko 9, kwabon ma da kansa zai iya yin haka.